Askar Iya Gaji

Farin takalmi na fara gani. Wata ƙafa ce ta leƙo daga cikin mota a bakin ruwan Dagona, sanye da takalmi fari tas, ta tsaya a iska tana neman inda babu taɓo. A Dagona kuwa, in ruwa ya cika fadama, babu irin wannan wurin. Na ɗaga kai na ga mai ƙafar: dogo, wankan tarwaɗa, da siririn saje, ƙamshinsa ya riga shi saukowa. Na sha gamuwa da irinsa a littattafan da muke haya a bakin kasuwar Gashuwa, amma ban taɓa ganinsa da rai ba. Da na san abin da ke tafe, da a kan takalmin na bar idona, don shi ne ya faɗi gaskiyar mutumin.

Ladidi, Hansatu, da sauran ku da muke musayar littafi: shekara da shekaru kuna tambayata yaya Yamai take, me na ci, wa na gani, ina kuma labarin likitan nan da na ishe ku da zancensa kafin in tafi. Kullum sai in ce muku lafiya lau. Ba lafiya lau ba ne. Haushi ne ya ɗaure min baki, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai sake ni ba. To ga shi, ku karanta ku ƙyale ni.

Kun san Yaya Adama, 'yar wan babana. Digirin digirgir ɗinta a kan tsargiya ta yi shi, wato ciwon fitsarin jinin nan, a jikin matan da ke wuni tsaye cikin ruwan shinkafa. Ni a lokacin ina aiki a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti a Gashuwa, sai ta ɗauke ni in taya ta duba fitsari. Kun kuma san yadda abin yake a ƙauyukanmu na bakin ruwa. Yaro namiji ya yi fitsarin jini, dariya ake yi, a ce ya fara zama mutum. Matar aure ta ga jini, sai ta rufe bakinta, don in zance ya fita cewa za a yi a waje ta ɗebo. Aure nawa ya mutu a kan haka, Allah kaɗai ya sani.

Wata uku muna zarya a bayan a-kori-kura da kwalin kwalabe, babu mace ɗaya da ta karɓi kwalba. Sai ranar da Iya Gaji ta sa baki. Ita ce ungozomar Dagona, gajeriyar tsohuwa Babadiya mai kaifin harshe, wadda rabin garin ita ta yanke musu cibiya. Ta tara matan a gindin tsamiya, ta kwance bakin zaninta ta fito da askarta, wadda ta gada wurin uwarta, ta ajiye a ƙasa.

"Ku ba yaran nan abin da suke so," ta ce. "Suna ba zai fita ba. Fuska ba za ta fita ba. In ɗaya ya fita, wallahi na ajiye askar nan, hannuna ba zai ƙara taɓa mai naƙuda ba."

Ta juyo ga Yaya Adama. "'Yar Alhaji, kin ji abin da na ɗora a kanki?"

"Na ji, Iya. Lamba za mu sa a kwalba, ba suna ba."

"Ke fa, 'yar littafi?" Haka take kirana, don ko a cikin kwalekwale da littafina a cinya.

"Na ji, Iya."

Wadda ta fara miƙa hannu ita ce Aisa, matar ɗan ƙanwar Iya, mai yawan dariya. Daga ita sai layi. Shekara uku aka yi ana aikin. Yaya Adama ta nuna a kundinta cewa ciwon daga ruwa yake, ba daga wani namiji ba, aka kuma raba wa matan magani.

Mai farin takalmi shi ne Dakta Kamal, malamin da jami'a ta ɗora ya duba aikin Yaya Adama. A shekara ukun nan sau ɗaya tak ya zo Dagona, kuma bai wuce inda mota ta tsaya ba. Yaya Adama ta shiga gari neman mai unguwa, ya kira ni gefe ya miƙo min kyamara.

"Sofi, na ga sun saba da ke. Ɗaukar min su mana. Ni kaɗai zan gani, in riƙa tunawa da ranar da na haɗu da ke."

Ni Safiya, babu wanda ya taɓa ce min Sofi. Na karɓa. Na samu Aisa a bayan danga ta ɗaga kwalbarta a rana tana cewa, "Kai, wannan ai zoɓo ne, saura sukari!" Na danna, ba ta ma lura ba. Na ɗauki wasu ma. Bayan wata guda ya aiko min da hotunan da 'yar wasiƙa mai daɗi, wai in rubuta masa sunayensu a baya don ya riƙa sa su a addu'a. Na rubuta na mayar. Ban gaya wa kowa ba. A raina cewa nake wannan sirrinmu ne ni da shi, irin wanda masoya ke farawa da shi.

Shekara biyu da gama aikin, takarda ta zo: wata ƙungiyar masana lafiya ta Afirka ta Yamma ta zaɓi kundin Yaya Adama cikin mafiya kyau, za a ba ta lambar yabo a Yamai. Yaya ta ce ba za ta je ba sai da Iya Gaji. Iya ta ce ita ba za ta shiga jirgin sama ba ko da limamin gari ne direba. Shi ya sa muka bi ƙasa mu uku. Dakta Kamal ta sama zai je ya same mu. Ni kuwa wata biyu na yi ina ɗinka masa hula, zare mai ruwan toka da fari, na turara ta na naɗe a ƙasan jaka.

Daga Gashuwa zuwa Nguru, kun san hanyar a wancan lokacin, ba sai na ɓata takarda ba. Motarmu ta kafe sau biyu. A karo na biyu maza suka sauka turi, wani malami mai babbar riga ya zauna daram yana jan carbi.

"Malam," Iya ta ce, "carbin nan zai tura mota?"

"Addu'a nake mana, Iya."

"To sauka ka yi ta daga baya, ta fi saurin isa taya."

Ya sauka.

A Nguru muka yada zango gidan gwaggonmu, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Mijinta dillalin banda ne, ya cika mana kwali da kifi, ya ba mu sunan mai masaukinsa a Damagaram. Gwaggo ta yi ta jan kunnena kan mazan Nijar, ba ta san wanda zan je dominsa ɗan gida ba ne. Da sassafe muka kama hanyar Malam Madori, muka ratsa Gumel, kafin azahar muna Maigatari.

A kan iyaka aka fara yi mana tsiya. Ni da Yaya muna da takardu da katin allura. Iya tana da takardar da aka yi mata a ƙaramar hukuma, amma an bar gurbin shekaru babu komai. Wani jami'i na ɓangaren can, siriri mai jan hula, ya juya takardar sama da ƙasa.

"Tsohuwa, shekarunki nawa?"

"Shekarar fara aka haife ni."

"Wace fara?"

"Wadda ta cinye geron kakanka."

Na ce shi ke nan, yau a nan za mu ƙare. Ya sa aka zazzage kayanmu a rana. Ya ga kwalin banda ya ce sai an duba lafiyar kifin, kuma ya duba ta sosai, don manya huɗu ba su dawo ba. Sannan idonsa ya kai ga ƙullin bakin zanin Iya. Ta kwance. Aska.

"Makami! Mi za ki yi da makami a ƙasarmu?"

"Wanda ya raba ka da uwarka da me ya yi, da haƙori?"

Ya tsaya yana kallonta. Sai muryarsa ta sauka. "Ungozoma ce ke, Inna?"

"Tun kafin a yi maka wando."

Ashe kakarsa ma ita ce ungozomar garinsu. Da kansa ya mayar mata da askar da hannu biyu, ya rubuta mata shekara saba'in, ya ce ta sa matarsa a addu'a, watanta ya tsaya. Kifin dai bai dawo ba.

Damagaram gari ne da ba za ki ce kin bar gida ba sai an buɗe baki. Hausarsu tana da nauyi a harshe, asibiti su ce likita, likita su ce lokotoro. Matar mai masaukinmu da ta ji Yaya lokotoro ce, nan take ta tara maƙwabta, kowa da ciwonsa. Yaya ta wuni tana duba idanu da harsuna a kan tabarma. Aka kawo mana fura mai kauri da kilishin da ban taɓa cin irinsa ba. Abin da ya ba ni mamaki, da rana ta take, gari gaba ɗaya sai ya rufe, har ofis. Muka je sayen tikitin babbar mota aka ce mai tikiti yana hutun rana, sai la'asar. Iya ta ce, "A Dagona wanda ya yi barcin rana da damina, da rani zai ci barcin."

Daga nan sai doguwar hanya: Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Wuni guda cur, da shingen jandarmomi wanda na gaji da sauka dominsa. Wata 'yar kasuwa Bazabarmiya da ke kusa da ni ta koya min gaisuwarsu, ta cusa min dambun zogale da ƙuli. Ta ga ina leƙa jaka ina shafa hula.

"Ta miji ce?"

"Tukuna dai."

"Ya san da ke?"

"Ya sani mana."

Ta yi wata irin dariya ta juya ga taga. Na ji haushinta har Doso. Ni a lokacin na gama tsara komai a kaina: zai hango ni daga nesa, zai tsaya cak, zai ce Sofi, ashe za ki zo.

A Yamai an kama mana ɗaki a wani otal kusa da kogi. Mata a kan babur ko'ina, da jaka a kafaɗa, babu mai kallonsu. Maza da mata 'yan boko suna gaisawa da goga kumatu, hagu da dama, a bainar jama'a. Iya ta leƙa banɗaki ta fito.

"'Yar littafi, kujera suka sa a ciki. Kuma babu buta. Waɗannan su ne za su ba mu lambar lafiya?"

Sai da na fita na nemo buta a kasuwa. Gadon ma ta ce yana haɗiye mutum, ta shimfiɗa zaninta a ƙasa. Da safe aka kawo shayi da wani dogon burodi mai tauri kamar sandar makiyayi. Ta jiƙa, ta jiƙa, ta haƙura, ta ɓare banda.

Ƙarfe tara muka shiga zauren taron. Sanyi kamar cikin randa, kujeru jajaye jere-jere, manyan mutane daga ƙasashe da yawa, wasu da kwat wasu da manyan riguna. A kan kowace kujera an ajiye ɗan littafin taro mai sheƙi. Na ji daɗi har raina, na ce yau duniya za ta san wahalar da Yaya ta sha, shekara uku cikin sauro da taɓo. Wallahi ta cancanta. Wannan ko yanzu ban janye ba.

Iya ba ta karatu, hotuna take bi. Tana buɗawa tana tsaki, sai ta tsaya a wani shafi.

"'Yar Alhaji. Wannan ba Aisa ba ce?"

Aisa ce. Rabin shafi, tana dariya, da jar kwalba a hannu. A ƙasa an rubuta sunanta da na mijinta da sunan gari, kamar yadda na rubuta da hannuna.

Yaya Adama ta karɓi littafin ta duba. "Iya, wallahi ban sani ba. Malamina ne ya aika musu da kayan bugawa. Ni ban taɓa ɗaukar hoto ba. Wa ya..."

"Ni ce," na ce.

Iya ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Kallona kawai ta yi, irin kallon da take yi wa jaririn da ya zo ba rai.

Sai ga ƙamshin nan. Sai ga farin takalmi a kan jan kafet, inda ya dace da shi.

"Dakta Adama, barka, barka! A'a, har da Mama. Ke kuma... Sadiya ko?"

Ladidi, wata biyu ina ɗinkin hula.

Yaya ta nuna masa shafin. Ya yi murmushi. "Ya yi kyau ko? Kin san hoton nan ya taimaka ƙwarai. Alƙalai mutane ne, lambobi ba sa taɓa zuciya. Akwai wasu ma a majigi, za a haska lokacin jawabinki."

"Malam, mun yi musu alkawari."

"Haba Dakta. Nan Yamai ce. Wa zai gani a Dagona? Mutanen da ko karatu ba sa yi."

Iya ta miƙe, kanta bai wuce aljihun rigarsa ba. "Ba sa karatu, amma suna da ido. Kai yaro, da me ake naɗe ƙosai a tashar Gashuwa? Ba da takardar da irinku suka gama da ita ba? Takarda ƙafa gare ta, ta fi ka zuwa Dagona."

Bai ko dube ta ba. Ya rage murya ya ce wa Yaya, "Ki yi hankali. Waɗanda za su ɗauki nauyin bincikenki na gaba suna layin farko. Kika tayar da ƙura, ke za ta bi, ba ni ba." Ya wuce.

Yaya ta zauna. Sannan ta ce, "Iya, a bari a gama taron. In an gama sai mu san abin yi."

Ban taɓa jin haushin Yaya Adama ba sai ranar. Na san abin da take tsoro, na kuma san ba ni da bakin magana, ni da na haƙa ramin. Amma na ji haushinta, na ji nawa, na ji na duk zauren da ƙamshinsa.

Aka buɗe taro. Mai gabatarwa yana ta zuba Faransanci, sai Iya ta tashi. Ta nufi mutumin da ke bakin layinmu ta miƙa hannu.

"Ɗana, ba ni takardar nan."

Mutumin ya dube ta, ya dubi zaninta, ya sa hannu a aljihu. Ya ɗauka bara take yi. Matar da ta karɓi haihuwar rabin gari! Nan ne na tashi. Na bi ta ina faɗa musu da ɗan Turancina cewa hoton nan ba da izini aka ɗauka ba, ni na ɗauka, a ba mu shafin. Wasu suka gane, wasu Faransanci kaɗai suke ji, suna ta ɗaga kafaɗa. Wani mai tsaron ƙofa ya zo ya kama hannun Iya. Ta ce, "Sake ni ko in tuna maka ranar da aka haife ka." Kan mutane ya fara juyowa. Ana cikin haka aka kira sunan Yaya.

Ta hau dandamali. Aka rage fitila, mai majigi ya ɗora hannu a kan na'urarsa. Takardar jawabinta tana hannunta. Ta dubi layin farko, ta dubi Iya da ke tsaye a tsakiyar hanya, hannunta a hannun mai gadi.

"A kashe majigin," ta ce.

Ta ajiye takardar. Da Turanci ta yi magana, wani tafinta yana juyawa zuwa Faransanci. Ta ce tsohuwar nan da kuke gani, ba don ita ba babu kundin da kuke yabo. Ta faɗi rantsuwar gindin tsamiya. Ta faɗi abin da zai samu matar da ke hoton in mijinta ko danginsa suka gani. Ta ce ita ce mai aikin, don haka laifin a wuyanta yake. Ta ce in lambar tana tafe da shafin nan ne, a riƙe lambar, a ba ta shafin.

Shugabar taron wata dattijuwar farfesa ce daga Senegal, da ƙaton ɗaurin kallabi. Ta sa tabarau, ta buɗe littafinta, ta daɗe tana kallon Aisa. Sai muka ji kyaaat! Ta yage shafin, ta sauko da kanta daga kan dandamali ta miƙa wa Iya, har da ɗan rusunawa. Daga nan sai ƙarar yage takarda ta ko'ina. Iya ta shimfiɗa gyalenta tana bi layi-layi, ina bin ta a baya.

Kun san wa ya fi kowa saurin yagewa bayan farfesar? Dakta Kamal. Ya yage, ya ɗaga sama kowa ya gani, ya fara tafi. Da aka ba shi dama ya yi magana a matsayin malaminta, sai ya ce wannan ita ce tarbiyyar da suke ba ɗalibansu, mutunta mutanen karkara. Aka tafa masa. Ina tsaye da takardu a hannu, na ji kamar in cire takalmin nan in cusa masa a baki.

An ba Yaya lambarta, wani allon gilashi mai nauyi, mutane suka miƙe tsaye. Ta cancanta, na sake faɗa. Mai majigi, wani dattijo mai furfura, ya zare hotunan daga na'urarsa ya damƙa min ba tare da na roƙa ba. Shi na ba hular. Ta zauna masa daidai.

Amma ba duka muka samu ba. Wasu kujerun babu kowa kuma babu littafi. An ce 'yan jarida biyu sun fita tun kafin a fara. Wani mai kwat ya ce nasa ne, ba zai ɓata ba, ya sa a jaka ya fice. Iya ta sa Yaya ta tambayi masu taron ko guda nawa aka buga. Wannan ya ce a tambayi wancan.

"To," Iya ta ce, tana ƙulle gyalen. "Ban san inda sauran suke ba. Abin da ban sani ba kuwa ba zan ce bai fita ba."

Hanyar dawowa ba ni da abin ba ku labari. Kwana uku Iya tana rungume da ƙullin nan, ba ta tanka wa direba ba, ba ta tanka wa jandarma ba. Jami'in nan mai jan hula ya gane ta, ya fito da murna yana cewa an samu ɗiya mace. Ta ce Allah ya raya, shi ke nan.

Yaya ta roƙe ta a Nguru. "Iya, babu wanda ya sani a Dagona. Wataƙila har abada ba za a gani ba."

"Ni na sani."

Washegarin isarmu ta tara matan a gindin tsamiyar. Ta faɗa musu komai, ba ta ambaci sunana ba. Ni na tashi na ambata. Ta zazzage takardun ta sa wuta, ta bar guda ɗaya ta miƙa wa Aisa. Aisa ta daɗe tana kallo, ba ta taɓa ganin kanta a takarda ba.

"Ashe haƙorana suna da kyau," ta ce. Babu wanda ya yi dariya. Ta jefa a wutar da kanta. "Iya, fuskata ce, kuma na yafe. Na yafe wa 'yar littafi ma."

"Kin yafe fuskarki. Bakina fa, wa zai yafe min shi? In na karya wannan rantsuwar, gobe in na ce wa mace sirrinta yana wurina, da wane ido za ta dube ni?"

Ta kwance askar ta ajiye a ƙasa, a inda ta ajiye ta da farko. Mata suka sa kuka. Aka je wurin liman, ya ce ta yi kaffara ta koma aikinta. Ta yi azumin kwana uku, sannan ta ce wannan tsakaninta da Allah ne, waccan kuwa tsakaninta da matan Dagona. Ta tura askar gaban Aisa da ƙafa.

"Ke aka ci wa amana. Ke za ki fi kowa sanin nauyinta. Ɗauka."

Har yau ban ji an ga hoton nan a ƙasarmu ba. Amma har yau in na sayi ƙosai sai na buɗe takardar na duba.

Iya Gaji ta yi shekara bakwai bayan haka. Duk haihuwar da aka yi a Dagona tana bakin ƙofa a zaune, tana ba Aisa umarni da ihu, tana zagin mazan da ke leƙe. An ce ranar da wata haihuwa ta zo da gardama, zama ta yi a kan hannuwanta don kada su tashi da kansu, hawaye yana zuba, tana cewa, "Juya shi, Aisa, a hankali, juya shi," har yaron ya yi kuka. Ba ta taɓa mai naƙudar ba. Ko sau ɗaya.

Ta rasu da daminar bara. Zuwana na ƙarshe na same ta a kan tabarma, ido ya yi rauni. Ta lalubo hannuna ta riƙe. Tafin nan da na sani kamar bayan kada ya yi laushi, ya yi sumul.

"'Yar littafi ce?"

"Ni ce, Iya."

"Taɓa ki ji," ta ce, ta murza tafinta a nawa. "Shekara bakwai ban taɓa komai ba. Yanzu ni ma sai a saya min farin takalmi."